Ruwa Ya Yanki Tudun da ke Gonarmu, Ƙasusuwa Sun Fito: Me Za Mu Yi?

Tambaya daga wani malamin firamare a ƙasar Gwaram, Jihar Jigawa: "A gonarmu ta gado akwai wani tudu da ya ɗan fi tsayin mutum, tun zamanin kakanni ba a noma kansa. Damanar bana ruwa ya yanki gefensa na yamma, sai ga ƙasusuwa da tsingaro da wasu jajayen duwatsun wuya. Yanzu 'yan tifa na neman a sayar musu da ƙasar, samari kuma na cewa a haƙa, akwai zinariya a ciki. Baffana yana tsoron in hukuma ta ji za a ƙwace gonar. Wane irin tudu ne wannan, kuma me ya kamata mu yi?"

Malam, kafin komai ina roƙonku abu ɗaya: kada kowa ya sa diga ko shebur a wurin nan, ko da da niyyar "a ɗan duba" ne. Duk sauran abin da zan faɗa ana iya yin sa gobe ko jibi, amma ramin da aka haƙa yau ba ya komawa yadda yake har abada.

Sai mu zo kan ko wane irin tudu ne. Ba kowane tudu ne kabari ba, kuma a ƙasar Kano da Jigawa akwai abubuwa huɗu da ke rikitar da mutane. Akwai tudun Allah, wato jigawa irin ta wajen Gumel da Haɗejiya, wadda iska ta tara tun zamanin da ƙasar ta bushe ƙwarai. Ita doguwa ce, takan miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, rairayinta iri ɗaya ne da na kewaye. Akwai tsohon suri da ya rushe, ƙasarsa tauri gare ta, cike da hanyoyin gara, ba tsingaro ko ɗaya. Akwai tarin kashin maƙera inda aka taɓa narka tama: baƙaƙen dunƙule masu nauyi da ƙyalli, haɗe da gutsattsarin bututun yumɓu da wuta ta ƙona. Sannan akwai kufai, wanda shi aka fi samu. Gari ne ya zauna a wuri guda shekaru aru-aru, ɗaki ya faɗi a gina wani a kansa, juji ya taru, har ƙasa ta yi tudu. Idan ruwa ya yanki kufai za ka ga ƙasar hawa-hawa kamar an jera tabarmi: ga layin toka, ga na jar ƙasar daɓe, ga na gawayi, tsingaro kuwa kamar a kwashe da kwando, da ƙasusuwan dabbobi da guntun dutsen niƙa, sau da yawa kuma ga kuka ko tsamiya a kusa.

Tudun kabari daban yake. Shi lokaci guda aka tara shi, don haka cikinsa ba ya nuna wannan jerin hawa-hawa. Ƙasa ce aka yi ta zubawa kwando bayan kwando. Zagayayye ne kamar an kife ƙwarya, tsingaronsa kaɗan ne, kuma in ka tsaya da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke miƙewa, sau da yawa za ka ga wani ɗan kwari ya kewaye gindinsa, wato inda aka ɗebi ƙasar. Yakan zo da 'yan'uwa, biyu ko biyar ko fiye, don haka ku duba gonakin maƙwabta; wasu garma ta riga ta cinye su, sai ɗan doro ya rage wanda shuka ke bambanta a kansa.

Ƙasusuwan mutum kaɗai ba su isa hujja ba, domin mutanen dā sukan binne mamatansu a cikin gida, kuma an samu kaburbura a cikin kufai, kamar a babban tudun Daima na Borno da masanin kayan tarihi Graham Connah ya haƙa a 1965 da 1966. Haka nan yana iya zama tsohuwar maƙabartar Musulmi da aka manta. Alamarta a bayyane take: mamaci a miƙe bisa gefen dama, kai a kudu, fuska na kallon gabas, kaburbura a jere, ba kayan ado ko ɗaya, wani lokaci da fasassun tukwane a jere a sama irin yadda ake rufe kabari har yau a Kano. Naku kuwa ya zo da duwatsun wuya, ga shi kakanni sun hana noma kansa. Waɗannan biyu sun sa na fi karkata ga cewa binnewa ce ta kafin Musulunci ya kafu a wurin, ko ta Maguzawa. A tuna, ko da yake Wangarawa sun kawo Musulunci fadar Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, ƙauyuka da yawa sun ci gaba da al'adarsu ɗaruruwan shekaru bayan nan. Saboda haka idan masana suka ce abu na "kafin rubutaccen tarihi" ne a ƙasarmu, yana iya zama shekara 500, yana iya zama 2,000. Gwaji ne kawai ke rabewa.

Don ka san irin abin da ƙila ke ƙarƙashin ƙafarku, dubi Durɓi ta Kusheyi a Ƙaramar Hukumar Mani ta Jihar Katsina, kimanin kilomita 30 gabas da birnin. Tuddai takwas ne, waɗanda tarihin baka ya ce kaburburan sarakunan Durɓawa ne. A 1907 wani jami'in mulkin mallaka, Bature Palmer, ya haƙa wasu daga cikinsu zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An fito da kaya, amma ba a rubuta yadda aka same su dalla-dalla ba, kayan kuma suka salwanta, har yau ba abin kirki da aka ƙaru da shi daga wannan haƙa. A 1992 aka sake haƙa uku. A wannan karon an ɗago tsakiyar kaburburan da ƙasarsu dunƙule guda, daga baya aka kai su birnin Mainz na Jamus, inda aka yi ta buɗe su a hankali cikin ɗakin bincike. Kowane tudu mutum ɗaya ne a tsakiyarsa. An samu mundaye da ƙarau na tagulla, da wuri, da duwatsun ado na gilas da na jan dutse, da hauren giwa, da 'yan kunnen zinariya, da ragowar tufa da itace da fata, har da tasar ƙarfe da ta fito daga Gabas ta Tsakiya. Gwaji ya nuna an yi binnewar tsakanin wajen ƙarni na 13 zuwa na 16, abin da ya tabbatar da cewa ƙasar Hausa na cikin cinikin Sahara tsundum tun wancan lokaci. An dawo da kayan Najeriya a 2014. Wuri ɗaya ne, haƙa biyu: ta farko ta tashi a banza, ta biyu ta ƙara babi a tarihin Hausawa. Bambancinsu kawai yadda aka yi aikin.

Al'adar ba ta tsaya a Katsina ba. Malamin Andalus al-Bakri ya bayyana a 1068 yadda ake binne sarkin tsohuwar daular Gana: a yi masa rumfar itace, a kwantar da shi da makamansa da kayan adonsa da ƙoren cin abincinsa, a rufe da tabarmi, jama'a su yi ta zuba ƙasa har ta zama tudu, sannan a kewaye shi da rami. A Mali an haƙa irin waɗannan tuddai tun farkon ƙarni na 20, a Senegal kuwa ana ƙirga su da dubbai.

Ga dalilin da ya sa na hana haƙa. Darajar kabari irin wannan ba a cikin kayan take ba, tana cikin yadda suke kwance. Duwatsun wuyan da kuka gani, in suna nan a wuyan mamaci ko a ƙugunsa, suna faɗa mana irin adon mutanen. In an tsince su an zuba a gwangwani, sun zama tsakuwa mai huda kawai. Ɗan gawayin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, in an ɗauke shi daga inda yake da tsabtataccen ƙarfe, ya isa a auna shekarunsa ta hanyar sinadarin kabon 14, wanda rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekara 5,730. Amma in ya gauraya da tokar ƙunar bara, lissafin ya lalace. Haƙori ɗaya na iya nuna irin abincin da mutum ya ci da ko a nan ya girma ko baƙo ne. Tsatsar tagulla, wannan koren da ake ganin datti ne, ita ce ke riƙe zaren tufa ɗaruruwan shekaru, domin tana kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da shi. Hannu ɗaya in ya goge ta, shi ke nan an rasa shaidar saƙar kakanninmu. Haƙa, ko ta masana ce, rusawa ce. Shi ya sa masanin kirki ba ya haƙa sai da dalili, kuma yakan bar wani sashe don na baya, waɗanda kayan aikinsu za su fi nasa.

Batun zinariya kuwa, a gaya wa samari gaskiya ba tare da an raina musu hankali ba. E, an samu 'yar zinariya a Durɓi, amma kaburburan sarakuna ne, kuma abin da aka samu kayan ado ne ƙanana. Galibin irin waɗannan kaburbura ba abin da ke cikinsu sai tukunya, da ƙarfen da tsatsa ta cinye, da 'yan duwatsu. Dillalin da zai zo saye zai ba su abin da bai kai kuɗin buhun gero ba, shi ya kai waje ya ci riba, su a bar su da rami da laifi. An ga haka a ƙasar Nok da Kwatarkwashi a shekarun 1990, aka farfashe wurare masu yawa, ƙauyukan kuma ba su fita daga talauci ba. An ga haka a Bura ta Nijar bayan da sunan wurin ya fita duniya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na'urar neman ƙarfe da wasu ke yawo da ita ma ba ta san zinariya daga guntun fartanya ba sai an haƙa, kuma duk inda ta yi ƙara sai an ɓarke wurin. Boka kuwa da zai ce a kawo baƙin bunsuru ya ɗaure aljanin da ke gadin dukiya, shi tasa dukiyar a aljihunku take.

To, me za a yi a makon nan? Fara da hoto, kafin a taɓa komai. Ka sami sanda mai tsawon mita ɗaya daidai, ka ɗaura mata tsumma a kowane santimita 10, ka ajiye ta kusa da abin da za ka ɗauka domin a san girmansa; ga ƙananan abubuwa, rular 'yan makaranta ta isa. Ɗauki tudun daga gabas, yamma, kudu da arewa, daga nesa yadda bishiyoyi za su fito, sannan ka matso ka ɗauki inda ruwa ya yanka, kai tsaye ba a karkace ba. Auna kewayen gindinsa da igiya, da faɗinsa ta fuska biyu, da tsayinsa, da nisan ƙasusuwan daga saman tudu. Tsaya a kansa ka buɗe taswirar waya ka rubuta lambobin wurin a takarda. Waya kan yi kuskuren mita 3 zuwa 5, wannan ba komai. Amma kada ka sa hotunan nan da sunan ƙauyen a Facebook ko WhatsApp. Masu satar kayan tarihi sun fi jami'an gwamnati saurin ganin irin wannan, kuma da dare suke zuwa.

Abin da ruwa ya riga ya kwaso ya zubar a ƙasa, a tsince shi bayan an ɗauki hotonsa a inda yake. Kowane rukuni a ambulan na takarda daban, a rubuta kwanan wata da inda aka tsince shi da fensir. Kada a wanke, kada a goge da toka ko lemon tsami, kada a shafa mai, kada a liƙa fasasshe da gam. Ƙarfe da ƙashi in an ɗaure su a leda suna da damshi, gumi ke kama su, ƙashi ya yi funfuna, ƙarfe ya dinga ɓarewa kamar ɓawon albasa. A bar su su sha iska a inuwa, ba a rana ba, domin tsohon ƙashi in ya bushe da gaggawa tsagewa yake. A sa su a kwali, a ajiye a hannun mutum ɗaya amintacce, da takardar lissafi mai sa hannun mutum biyu. In yara sun riga sun kwashi duwatsun, a karɓo da lalama. Tsawa sa su take su ɓoye.

Abin da ke maƙale a jikin tudun kuwa, kada a zaro shi. Mutane kan ce bari a cire kafin ya lalace, sai a ja ƙashi ɗaya ya taho da rabin kabari. A rufe shi ne. A shimfiɗa buhun algarara ko tsohon zanen auduga a kansa, a zuba tsabtataccen yashi kaurin santimita 20 zuwa 30, yashin da aka ɗebo daga nesa ba daga gindin tudun ba. Amfanin yashi shi ne launinsa daban, duk wanda ya zo daga baya zai gane inda sabon zubi ya tsaya. Sannan a cika buhuna da ƙasa a jera su daga ƙasa zuwa sama kamar ginin tubali, kowane layi ya ɗan koma ciki, su tokare gaɓar. Leda ba ta da wuri a nan, tana tara ruwa a bayanta. Siminti ya fi ta muni: yana da gishirin da ke cin ƙashi da ƙarfe, ruwa kuma yakan bi gefensa ya fafe ƙarƙashi.

Sai maganar ruwa, wanda shi ne babban abokin gabar tudun. Toshe inda ya yanka ba ya isa, sai an bi sawunsa an ga daga ina yake tahowa. Sau da yawa kunyoyin gona ne aka ja su suka fuskanci tudun, ko wata 'yar hanya da ƙafa ta fafe. A juya kunya ta gitta gangare, a jera duwatsu layi-layi a sama da wurin, tsayin kamar taƙi ɗaya, don su rage wa ruwa gudu. Da damina ta kankama, a dasa jema ko gamba a bayan layin duwatsun, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, domin in an bar tazara mai faɗi ruwa ya sami ƙofa, ɓarnarsa ta fi ta dā. Wannan shinge a wajen tudun za a yi shi, saboda saiwar jema na nutsewa ƙwarai. A kan tudun kansa gajeriyar ciyawa ake so, irin ƙiri-ƙiri, wadda ke shimfiɗuwa ta riƙe fuskar ƙasa. A yanka ta da lauje in ta yi yawa, amma kada a ƙone, kada a tuge.

Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne dasa bishiya a kai, wai don a ƙawata wurin. Darbejiya da turare saiwarsu na ratsa kabari ta wargaza ƙasusuwa, in iska kuma ta tumɓuke bishiyar sai ta taho da cikin tudun. Ƙananan itatuwan da suka tsiro, irin su sabara da kalgo, a sare su daga gindi a bar kututturen ya ruɓe a wurin. Tsohuwar kuka ko tsamiya kuwa a ƙyale ta, ta riga ta zama ɓangaren wurin. A Durɓi ma har da wata kuka, Kuka Katsi, aka haɗa cikin abin da gwamnati ta ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa a 1959. Kada a kafa turken dabbobi a kai, kofato na kashe ciyawa, fitsari na cin ƙarfe. Ramin gafiya ko na dila in ya bayyana, a duba ƙasar da suka turo, a tsince abin da ke ciki, a toshe da yashi da duwatsu.

Noma ma a ja masa iyaka. A bar aƙalla mita 10 daga gindin tudun ko ta ina, domin ramin da ya kewaye shi da wasu ƙananan kaburbura kan kasance a nan, a ɓoye. Fartanya ba ta wuce santimita 10 zuwa 15, amma faifan tarakta na shiga 20 zuwa 30, kuma duk shekara mai tarakta kan ɗan ƙara gutsurar gefe don ya sami wurin juyawa. Haka tudu ke ƙarewa ba wanda ya lura. A kafa alama a bakin wannan iyaka: ginshiƙan kankare huɗu ko shida, ko shingen aguwa, wanda dabba ba ta ci kuma ba wanda zai sace shi. Wayar ƙarfe kan ɓace cikin wata guda, kuma tana sa mutane zaton akwai dukiya a ciki. In kuma akwai burtali kusa, a zauna da arɗo tun kafin kaka, kada shingen ya toshe hanyar shanu ya jawo wata fitinar.

Yanzu hukuma. Dokar da ta shafi wannan ita ce mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, NCMM. Ta ce wanda ya ci karo da kayan tarihi irin wannan ya sanar cikin kwana 7, ga hukumar da kuma sakataren ƙaramar hukuma. Ta hana haƙa don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar da yardar gwamnatin jiha. Ta hana saye da sayar da su sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi, da hukuncin tarar naira 2,000 ko ninki biyar na darajar kayan, ko ɗaurin shekara 3. Kuɗin tarar ya tsufa, ya kamata a ce an gyara shi tuntuni, amma ɗaurin na nan daram.

Hanyar da ta fi lafiya ita ce ta gargajiya: mai unguwa, dagaci, hakimi. Ku rubuta takarda shafi ɗaya, ku faɗi inda wurin yake, ranar da aka gani, abin da aka gani, abin da ke barazana gare shi, ku haɗa da hotuna huɗu ko biyar. A yi kwafi biyar. Ɗaya ga hakimi, ɗaya ga sakataren ƙaramar hukuma, ɗaya ga hukumar tarihi da al'adu ta jiha a Dutse, ɗaya ga NCMM, wadda ke da cibiya a Birnin Kudu saboda zanen duwatsun Habude da Mesa, ga kuma Gidan Makama a Kano. Ta biyar ku riƙe, kowane ofis ya buga muku hatimin karɓa a kanta. Wannan kwafi mai hatimi shi ne garkuwarku ranar da wani zai ce kun ɓoye ko kun sayar. Tun da akwai ƙashin mutum, dagaci ya sanar da 'yan sanda ma, don a kawar da zargin cewa sabuwar gawa ce. Yana da kyau kuma a aika wa sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, domin malamai da ɗalibansu kan nemi wuraren bincike, wani lokaci su riga kowa zuwa. Duk wanda ya zo ya ce shi jami'i ne, a nemi katin aiki da takardar izini, a kai shi gaban dagaci, kuma kada a ba shi ko tsingaro ɗaya sai da rasit.

Tsoron Baffa ba na banza ba ne, a girmama shi, amma a yi masa bayani. Sanarwa daban, ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa daban. Ayyanawa doguwar hanya ce: sai hukuma ta bincika, ta buga sanarwa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, a ba mai wuri damar kai ƙorafi, sannan Shugaban Ƙasa ya amince, doka kuma ta tanadi diyya. Shekaru da dama adadin irin waɗannan wurare a Najeriya kaf ya tsaya a 65. Ka ga ke nan abin da ya fi yiwuwa shi ne a zo a auna, a rubuta wurin a rajista, a bar muku gonarku. Lissafa masa ma abin da za a bari: in faɗin tudun mita 20 ne, aka ƙara mita 10 ko ta ina, fili ne da bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na hekta ba, kuma tsakiyarsa dama ba a nomawa.

Wancan adadi na 65 yana nuna wani abu kuma: kada ku zauna jiran Abuja. Abin da ya tsare tudun nan har ya kawo yau hanin kakanni ne, ba gazet ba, kuma shi ya kamata a sabunta da takarda. Magada su zauna gaban dagaci da liman, a rubuta cewa wannan yanki ba a noma shi, ba a haƙa shi, ba a sayar da ƙasarsa, kuma ranar rabon gado ko sayar da gonar sharaɗin na bin ta. Nan ne wurare da yawa ke salwanta: tsoho ya rasu, a raba gona, wanda tudu ya faɗo a rabonsa ya ga an cuce shi, ya kira tifa. Don haka a cire tudun daga lissafi kafin a ja igiya, ya zama na gida duka. A damƙa wa mutum biyu duba shi, bayan kowane babban ruwa da kuma sau ɗaya a wata da rani, suna ɗaukar hoto daga wuri ɗaya kullum don a gane in yana raguwa.

Wani zai ce don me za a wahala kan kabarin wanda ba Musulmi ba, ko ya ji tsoron kada wurin ya koma na tsafi. Ba wanda ya ce a je neman tabarraki ko a yi yanka. A bar mamaci ya kwanta ne kawai. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya nuna cewa ai ita ma rai ce. Alƙur'ani kuma ya yi umarni a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Mutanen da ke kwance a tudun nan su suka sare dajin da kuke nomawa, ƙila ma jininsu na jikinku. Liman in ya faɗi haka sau ɗaya bayan sallar Juma'a, ya fi allon gargaɗi goma aiki. Kai kuma malami ne: ka kai 'yan aji shida su tsaya a bakin shinge, ka nuna musu bambancin suri da kufai da kabari. Yaron da ya san abin da ke wurin shi zai fara kawo rahoto in ya ga baƙo da shebur.

In masana sun zo, ga yadda za ku gane na gaske. Sukan fara da zagaya wurin da zana taswira, su tambayi tsofaffi sunan tudun da abin da aka ji game da shi. Ka riga su ma, ka naɗi muryar dattawan a waya tun suna raye, domin sunan wuri kaɗai kan ɗauki tarihi. In za su haƙa, sukan ja igiya su fitar da murabba'i, mita 1 ko 2 kowane gefe, su sauka santimita 10 a lokaci guda da ɗan cokalin magina da buroshi, su tankaɗe duk ƙasar a rariya, su zana komai kafin su ɗaga. Aikin da samari za su gama da diga a yini ɗaya, su sai su yi mako uku a kansa. Ku nemi abu uku a rubuce tun farko: za a mayar da ƙasa a cike ramin, za a faɗa muku inda aka ajiye kayan da yadda za a yi da ƙasusuwan bayan bincike, kuma za a kawo muku sakamakon da Hausa. Ku nemi a ɗauki samarin garin aikin tankaɗe da ɗaukar ƙasa da lada, su ga abin da ke ciki da idonsu.

'Yan tifa kuwa a sallame su yau, da bakin dagaci ba da naku kaɗai ba, don kada su koma ta bayan fage wajen wani daga cikin magada. In ƙasar cikon suke so, a nuna musu wani wuri nesa da tudun, kuma ba ta gefen da ruwa ke gangarowa ba, domin kududdufin da aka haƙa kusa yakan ja gaɓa ta zabtare har ta iso gindinsa. Rufe ƙasusuwa da jera buhuna aikin mutum huɗu ne na yini ɗaya, a yi shi cikin makon nan. Duwatsu da ginshiƙai a gama su da rani, kafin watan Mayu, jema kuma ta shiga ƙasa da ruwan Yuni ko farkon Yuli, yadda za ta kama kafin manyan ruwan Agusta.